Yadda Ake Shirya Wasan Shakespeare na Rigimar Sarkin Aljanu da Matarsa

Cikin wasannin barkwanci da William Shakespeare ya rubuta, wanda ya fi daɗin ɗorawa a dandamalin makaranta ko na ƙungiyar matasa shi ne A Midsummer Night's Dream, wato mafarkin wani dare a tsakiyar bazara. An rubuta shi a Ingila wajen 1595 zuwa 1596, aka fara buga shi a 1600. Kashi 5 ne, fitowa 9 a yawancin bugu, kuma ba sai ka nemi izinin kowa ko ka biya kuɗi kafin ka yi shi ba, domin marubucin ya rasu tun 1616.

Ga labarin a taƙaice. Saura kwana huɗu a ɗaura auren Tisiyas, sarkin birnin Atina na ƙasar Girka, da Hifolita. Sai wani dattijo, Ijiyas, ya kawo ƙarar 'yarsa Hamiya, wai ta ƙi Dimitiriyas da ya zaɓa mata, Lisanda take so. Dokar gari ta ce ko ta bi ubanta, ko a kashe ta, ko ta haƙura da aure har abada. Hamiya da Lisanda suka gudu daji, Dimitiriyas ya bi su, Helena da ke mutuwar son Dimitiriyas ta bi bayansa. A wannan dajin ne wasu masu sana'a su shida suke gwajin wasan da za su yi ranar bikin sarki. A nan ne kuma Oberon, sarkin aljanu, da matarsa Titaniya suke rigima a kan wani yaro ɗan Indiya da take riƙo, shi kuwa yana son ta ba shi.

Wannan rigima ita ce tushen wasan, kuma ita ce sababbin masu shiryawa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Saboda ita ne aka tsinko furen da ake ɗiga ruwansa a idon mai barci ya kamu da son duk wanda ya fara gani idan ya farka, saboda furen ne masoya suka rikice, saboda ita ne aka sa wa Botom, ɗaya daga cikin masu sana'ar, kan jaki, Titaniya kuma ta kamu da sonsa. Kuma saboda ita ne ruwa ya ci gonaki, dabbobi suka mutu, lokutan shekara suka cuɗe da juna. In 'yan kallo ba su ji cewa faɗan miji da matar nan ya girgiza duniya ba, abin da za su gani kawai shi ne yara sanye da ganye suna tsalle-tsalle.

Kayan da za ka tanada

- Kwafin wasan ga kowane ɗan wasa, da babban kwafi guda mai faffaɗan gefe wanda mai kula da dandamali zai riƙa rubuta shiga da fita da sauyin fitila a jikinsa.
- Gora ko sanduna masu tsawon mita biyu da rabi, kamar guda 6 zuwa 8, da bokitai ko gwangwanaye cike da yashi da za a kafa su a ciki.
- Igiya, tsofaffin zannuwa kore da ruwan ƙasa da toka-toka, da farin yadi dogo guda biyu.
- Gidan sauro guda ɗaya mai kyau, tabarma huɗu, benci biyu, kujerar sarauta.
- Kwali mai kauri, tsofaffin jaridu, sitaci, waya mai lanƙwasuwa, soson katifa, fenti toka-toka, roba mai talewa, duk don kan jaki.
- Kayan sauti: falle ɗaya na kwanon rufi, faranti da tsakuwa, caki, sarewa, ƙaramar ganga ko kalangu, da ƙaho ko kakaki in za a samu.
- Fitilu kala biyu, fari mai ɗumi da shuɗi. In babu na dandamali, fitilun caji manya guda 6 sun isa.
- Fure ɗaya babba na roba ko na yadi, launin shunayya, wanda na kujerar ƙarshe zai iya hangowa.
- Kayan masu sana'a: aci-balbal ko fitilar ƙwai, reshen ƙaya, karen roba ko na tsumma, takobin katako, mayafi, da gashin zaki na zaren buhu.
- Alli ko tef na manna alama a ƙasa, da akwatin taimakon gaggawa.

Ka ware mako 8, gwaji sau uku a mako, awa biyu kowane zama. In lokacin ya gaza haka, rage tsawon wasan, kada ka rage gwaji.

1. Karanta, sannan ka yanke

Karanta wasan kai kaɗai sau biyu kafin ka tara kowa. A karo na biyu ka riƙa sa alama a duk inda wani ya yanke shawara ko ya sauya zuciya, waɗannan wurare ba a taɓa su. Cikakken wasan yana cin sama da awa biyu, 'yan wasa sababbi kuwa minti 90 ne iyakar abin da za su riƙe da kyau. Inda ake samun abin yankewa shi ne dogayen rantse-rantsen masoya a kashi na 1 da na 3, sunayen gumakan Girkawa da ba su ƙara wa labarin komai, hirar karnukan farauta a kashi na 4, da rabin tsokanar da manyan baƙi suke yi wa masu sana'a a kashi na 5.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne yanke dogon jawabin Titaniya na kashi na 2, fitowa ta 1, inda take lissafa ɓarnar da rigimarsu ta jawo. Mai shiryawa ya ga layi sama da 30 a bakin yarinya ɗaya, sai ya ji tsoro ya zare shi. Kada ka yi haka. In dole ne, rage kashi ɗaya cikin uku, ka bar ambaliya, ruɓewar shuka, mutuwar dabbobi, cuɗewar lokuta, da ƙarshensa inda take cewa su biyun ne iyayen wannan masifa.

2. Yanke shawarar harshe

In da Turanci za ku yi, ka zauna da 'yan wasa mako guda cur kuna fassara kowane layi da bakinku har kowa ya san abin da yake faɗa. Ɗan wasan da bai fahimci layinsa ba rera shi yake yi, kuma 'yan kallo suna ganewa nan take.

In da Hausa ne, ka kula da abu ɗaya: a asalin wasan ba murya ɗaya ake magana da ita ba. Sarki da mutanen fada galibi suna magana ne da waƙa mai awo marar amsa-amo, masu sana'a zance suke yi irin na kasuwa, aljanu kuwa idan za su yi tsafi ko waƙa gajerun baitoci suke jerawa masu amsa-amo. Ka riƙe wannan bambanci. Ba wa fada Hausa mai nauyi da ladabi, ba wa masu sana'a Hausar bakin tasha da kurakuran mai son burge mutane da manyan kalmomi, sannan ka nemi wanda ya iya rubuta waƙa ya tsara maka maganganun tsafi. Ka bar Atina a matsayin Atina, sunaye ma ka bar su, sauƙaƙa furucinsu kawai za ka yi.

3. Raba gurabe

Masu magana a wasan sun haura 20. In kana da mutane da yawa, madalla, ƙara yawan aljanun Titaniya da ƙananan yara. In kuwa ba ka da su, mutum 14 sun isa: mai yin Tisiyas ya yi Oberon, mai yin Hifolita ta yi Titaniya, mai yin Filostirat sarkin biki ya yi Pak, aljanin da Oberon yake aika, huɗu daga cikin masu sana'a kuma su zama ƙananan aljanu huɗu masu yi wa Botom hidima. Haka Peter Brook ya haɗa sarakunan biyu a shahararren shirinsa na 1970 a Ingila, kuma tun daga nan mutane da yawa suke bin wannan hanya. Amfaninta shi ne 'yan kallo su ga cewa auren da ake shirin ɗaurawa a birni da auren da ke tangal-tangal a daji fuska biyu ne na abu guda. Wahalarta tana kashi na 4, inda aljanu ke fita sarki da amarya na shigowa nan take. Ɗinka musu alkyabbar da za a yafa a kan kayan aljanu, ka sa a busa ƙahon farauta a buga ganga na daƙiƙa 30 don rufe giɓin.

Hamiya gajera ce, Helena doguwa, kuma faɗansu a kashi na 3 a kan tsawo yake juyawa, saboda haka ka tsayar da su kafaɗa da kafaɗa kafin ka zaɓa. Botom ba wanda ya fi kowa surutu a aji ake ba wa ba. Nemi wanda zai iya faɗin abin dariya fuskarsa a ɗaure, mai zuciyar yarda cewa shi gwani ne. Pak yana buƙatar ƙafa mai sauri da numfashi mai tsawo, namiji ko mace duk ɗaya ne. Titaniya kuwa ka ba wa wadda ta fi kowa murya da natsuwa, ko da ba ita ta fi kowa kyau ba.

In makarantar maza zalla ce ko ta mata zalla, ba matsala. A zamanin Shakespeare samari ne suke fitowa a matsayin mata, sai a 1660 mata suka fara hawa dandamalin sana'a a Ingila. In kuma a gauraye kuke, ka zauna da hukumar makaranta da iyaye tun farko ka nuna musu cewa babu runguma babu sumba a shirinku. Wasan ba ya rasa komai: soyayya a nan bi da gudu ce, kuma tazara tsakanin mai bi da mai gudu ita ke ba da dariya.

4. Kafa dandamali

Wuri biyu ne kawai, birni da daji. Birni: kujerar sarauta, benci biyu, farin yadi a rataye a baya. Daji: a janye farin yadin, sandunan gora su bayyana da tsummokara a rataye. Kada ka ɓata kuɗi wajen zana bishiyoyi. Brook ɗaki fari fat mai bango uku ya yi amfani da shi, aljanunsa suna lilo daga sama, kuma mutane sun ga daji.

Makwancin Titaniya ka sa shi can baya, gefe guda, a ɗan tudu, ka rataya gidan sauro a kansa. Dalili shi ne tana yin barci a kashi na 2 kuma tana nan kwance har Botom ya tashe ta da waƙa a kashi na 3, wasu fitowa suna gudana a gabanta. Gidan sauron yana ɓoye ta rabi, yana kuma tuna wa mai kallo tana nan. Tsakiyar dandamali ka bar shi wayam, akwai guje-guje da yawa. Ƙofofin shiga su zama aƙalla uku, ɗaya ta tsakiyar 'yan kallo.

In babu wutar da za ka dogara da ita, yi wasan da rana tsakanin La'asar da Magariba. Gidan wasa na Globe da aka gina a Landan a 1599 ba shi da rufi a tsakiya, da rana ake wasa, maganar 'yan wasa ce take kawo dare. In da dare ne, bayan Isha'i, rufe uku daga fitilun caji da shuɗiyar leda don daji, ka bar uku fari don birni. Kada ka naɗa leda a ƙwan fitila mai zafi.

5. Gina rigimar aljanu

A nan za ka kashe mafi yawan lokacinka.

Fara da zama da masu yin Oberon da Titaniya su kaɗai, ka tabbatar kowannensu yana da hujja. Ita: uwar yaron aminiyarta ce, suna zama tare a bakin teku a Indiya suna kallon jiragen fatake suna dariya, ta rasu wajen haihuwarsa, don haka riƙon amana take yi kuma ba za ta sake shi ba. Shi: maigida ne da aka ƙi bin umarninsa a gaban bayinsa, ga kishi, domin kowannensu yana zargin ɗayan da son ɗaya daga cikin ango da amaryar Atina. Idan mai yin Titaniya ta ɗauka taurin kai kawai take yi, tsawa za ta yi ta yi daga farko har ƙarshe. Idan ta san marigayiya take karewa, muryarta za ta sauka a wurin da ya dace, a nan ne zauren zai yi tsit.

Yaron ba ya magana, rubutun ma bai tilasta a fito da shi ba. Ni dai ina fito da shi kullum. Ƙaramin yaro ɗan shekara 7 ko 8 riƙe da gefen zanen Titaniya, ta tura shi bayanta idan Oberon ya matso, ya fi dogon bayani. In babu yaron da zai jure, yi amfani da goyo na tsumma da wata aljana za ta riƙe.

Shigowarsu ta farko ka tsara ta kamar haɗuwar runduna biyu: shi da jama'arsa daga dama da ganga, ita da tata daga hagu da sarewa da caki, su tsaya da tazarar taku biyar, kada su taɓa tsallake tsakiya. Kafin wannan, Pak da wata aljana sun riga sun shaida mana cewa ƙananan aljanu ɓuya suke yi don tsoro duk lokacin da waɗannan biyu suka gamu. To a nuna hakan: yara su watse su maƙale a bayan sanduna.

Sai jawabin ɓarna. Raba shi gida huɗu, kowane gida da sautinsa da motsinsa.

Gida na farko iska ce da hazo. Tana cewa tun da ya hana su rawa, iska ta yi fushi ta zuƙo mugun hazo daga teku ta zuba a ƙasa, har ƙananan rafuka suka cika suka tumbatsa. A nan mutum biyu su riƙe dogon farin yadi su riƙa kaɗa shi ƙasa-ƙasa a bayanta, wani a ɓoye ya riƙa juya tsakuwa a faranti a hankali.

Na biyu gona da garke. Sa ya ja garma a banza, gumin manomi ya tafi a iska, shuka ta ruɓe tun ba ta fid da kai ba, garke ya zama kango a cikin ruwa, hankaki sun yi ƙiba da mushen tumaki, filin da ake wani wasa irin dara ya cike da taɓo. Wannan gidan ba ya son kiɗa ko kaɗan. Ta faɗe shi a hankali, tana duban 'yan kallo. Waɗanda suka fara jin wannan jawabi sun san abin da ake nufi, domin daga 1594 zuwa 1596 ruwa ya yi yawa a Ingila, amfanin gona ya lalace shekara bayan shekara, hatsi ya yi tsada. Naka 'yan kallon ma sun sani, duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ko ta Maiduguri a 2024 ba sai an fassara masa ba. Saboda haka ne ma ba a wasa da wannan wuri, akwai yiwuwar wani a zauren ya yi asara ta gaske.

Na uku wata ya yi fushi, iska ta jiƙe, mura da ciwon gaɓoɓi sun yawaita. Rage haske kaɗan.

Na huɗu cuɗewar lokuta: sanyin hunturu ya faɗo kan jan fure, tsohon hunturu ya ɗaura rawanin furannin bazara, mutane sun kasa gane wane lokaci ake ciki. A nan a girgiza kwanon rufi sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, sannan komai ya tsaya cak kafin ta ce daga gare su wannan duka ya fito.

Gargaɗi biyu. Sauti kada ya taɓa rufe murya, in ka tsaya a bayan zaure ba ka jin kowace kalma, rage tsakuwar. Na biyu, ɓarnar kada ta ƙare da jawabin. Bar dajin a hargitse har kashi na 4: tsummokara toka-toka, sanduna biyu a karkace, busasshen ganye a ƙasa, ɗan rugugin kwano duk lokacin da Oberon ya ba da umarnin mugunta.

Game da kamannin aljanu, guji fukafukan takarda da fararen riguna, suna mai da su 'yan tsana. Guji kuma duk abin da zai sa a ɗauka bori ake yi, kamar faɗuwa da birgima da kiɗan garaya, domin hankalin mutane zai bar labarin ya koma gardama. Tsumma mai launin ƙasa da ganye, farar ƙasa a fuska, da wata irin tafiya da ba ta mutane ba, wato su tsaya cak sannan su zabura, ya wadatar. Yana da kyau mai gabatarwa ya faɗa tun farko cewa ƙagaggen labari ne daga tatsuniyoyin mutanen Ingila. Pak ɗinsu ma ɗan ƙauye ne: shi ke hana nono fid da mai komai kaɗawar uwargida, shi ke ɓatar da matafiya da dare, shi ke rikiɗa ya zama kujera tsohuwa ta zo zama ya zame.

6. Haɗa kan jaki

Yanke kwali ka yi zobe daidai kan mai yin Botom, ka ɗora wani a gicciye ta sama ya zama kamar hula. Lanƙwasa waya ka yi kunnuwa biyu masu tsawon santimita 30, ka naɗe su da soso, ka ɗaure a jikin zoben. Dama sitaci, tsoma yankakkiyar jarida, ka lulluɓe duka har sau huɗu, kana barin kowane shafi ya bushe a rana kafin na gaba. Hanci ka yi shi daban da kwali, ya zauna a goshi ya ɗan leƙo, kada ya sauko kan baki. Shafa fenti, ka sa roba a haɓa.

Babban kuskure shi ne kai mai rufe fuska gaba ɗaya. Murya tana shaƙewa, ido ba ya ganuwa, ga zafi, alhali dariyar tana cikin fuskar mutumin da bai san abin da ya same shi ba. Kan ya zama mai sawa cikin daƙiƙa kaɗan, domin Botom yana fita ne ya dawo bayan 'yan layuka, kuma mai cirewa da hannu ɗaya, domin Pak zai zare shi a gaban jama'a Botom yana barci. In babu lokacin wannan aiki, ɗinka kunnuwan soso a jikin tsohuwar hular sanyi. Ka ba shi kan tun mako na huɗu ya saba.

Tsakaninsa da Titaniya, ita ta riƙa kallonsa kamar ba ta taɓa ganin kyakkyawa irinsa ba, da gaske, ba da wasa ba. Ta sa masa fure a kunne, ta yi masa fifita, aljanu su sosa masa kai, shi kuwa hankalinsa na kan ciyawa da busasshen wake.

7. Tsara rikicin masoya huɗu

Kashi na 3, fitowa ta 2, ita ce mafi tsawo a wasan kuma ita ce ke rushewa in ba a tsara ta taku-taku ba. Zana wa kanka taswira: da farko maza biyu suna son Hamiya, Pak ya yi kuskure ya ɗiga wa Lisanda ruwan furen, sannan aka ɗiga wa Dimitiriyas, yanzu duka biyun suna bin Helena, ita kuwa ta ɗauka haɗa baki aka yi ana mata ba'a. Duk lokacin da so ya sauya, tsayuwa ta sauya, mai kallo ya gane da ido wa ke bin wa.

Yi gwajin a hankali kamar ana tafiya cikin ruwa, ka sa alamar alli a inda kowa zai tsaya, sai an haddace sannan a ƙara sauri. Kowane ja da turawa a ƙirga shi, ba a ƙirƙirar sabo ranar wasa. Su huɗun kada su nemi ba da dariya, a wurinsu wannan dare masifa ne, kuma iya tsananin da suka ɗauke shi iya dariyar da za a yi.

Hazon da Pak ke kawowa don raba mazan ba ya buƙatar hayaƙi. Hayaƙi yana sa tari, yana tayar wa masu asma. Su yi ta lalube ido buɗe cikin cikakken haske suna wuce juna da taku ɗaya, Pak yana kwaikwayon muryar wannan yana tsokanar wancan. Daga ƙarshe su kwanta a tabarmi biyu-biyu a gefuna, domin za su daɗe a nan. In a fili kuke, share wurin ka duba cinnaka. Ka tuna Lisanda kaɗai ake warware wa tsafin, Dimitiriyas da shi yake tashi.

8. Sasantawa

A kashi na 4 Oberon ya riga ya karɓi yaron, ya ga matarsa rungume da jaki, tausayi ya kama shi. Ka ba wannan tausayi lokaci, ya tsaya ya dube ta kafin ya yi magana. Bayan ta farka sai su yi rawa, kuma a wannan rawa ce duniya take komawa daidai. Ganga da sarewa, da tun farko ba su taɓa haɗuwa ba, su yi kiɗa ɗaya. Aljanu su miƙar da sandunan da suka karkace, su juya tsummokara toka-toka kore ya fito, su share busasshen ganye, haske ya ƙaru. Minti ɗaya ya isa. Ni nakan sa yaron ya shigo ya tsaya tsakaninsu, kowanne ya riƙe hannu ɗaya, domin in an bar shi a hannun Oberon kaɗai, mata a zauren ba sa yafe masa, kuma suna da gaskiya.

9. Wasan masu sana'a

Su shida ne: Kwins kafinta mai ba da umarni, Botom masaƙi, Fulut mai gyaran zugazugi, Sinawut mai gyaran kwanoni, Sinag mai haɗa kujeru, da Sitabilin tela. Labarin Piramus da Tisbi suke yi, masoya biyu masu zance ta tsagar bango. Mutum ne bangon, yatsunsa ne tsagar. Mutum ne wata, riƙe da fitila da ƙaya da kare. Zakin kuwa sai da ya roƙi mata kada su tsorata, shi Sinag ne.

Ƙa'ida ɗaya ce: iya ƙoƙarinsu suke yi. Talakawa ne da suka samu damar tsayawa gaban sarki, suna tsoro, suna alfahari. Duk wanda ya waiwayi 'yan kallo yana murmushi ya kashe wurin. Kowane kuskure, takobin da ya maƙale, gashin zakin da ya zame, a tsara shi a maimaita shi daidai kowane gwaji. Ka gwada barin Fulut ya yi kukan Tisbi na ƙarshe da gaske, muryarsa ta ainihi, ba ƙarin gishiri. Zauren yakan yi shiru na ɗan lokaci, sannan rawar da suke rufewa da ita ta fi armashi. Kada wannan kashi ya wuce minti 20.

10. Gwajin ƙarshe da ranar wasa

Mako na 5 kowa ya ajiye takarda. Mako na 7 a yi wasan daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, da masu sauti da masu fitila. Kwana biyu kafin ranar a yi cikakken gwaji da sutura, a gayyato mutum goma da ba su san labarin ba, bayan an gama ka tambaye su abu biyu: me ya haɗa Oberon da Titaniya faɗa, kuma wa ya auri wa. In sun kasa amsa ta farko, koma mataki na 5.

Ranar wasa a jera kayan hannu a tebur guda a bayan labule, kowanne da sunansa a rubuce, furen da kan jaki a hannun mutum ɗaya amintacce. In za a yi hutu, a yi shi bayan Titaniya ta tafi da Botom. Mai tunatarwa ya zauna kusa da ƙofar hagu da tocila. Gaya wa 'yan wasa su dakata idan dariya ta tashi, su ci gaba tana fara sauka, kada su yi magana a cikinta. In da damina ne kuma a fili za ku yi, ka riƙe makullin wani zaure a aljihu, ka kuma gwada kwashe sandunan gora zuwa can aƙalla sau ɗaya kafin ranar.